Yadda Datti Gwanjo Ya Zama Ƙwararre

Duk wanda ya san Datti a Makarfi ya san shi da abu biyu: doguwar gaisuwa, da ajiye babur nesa da inda zai je. In yana da magana da wani mai gida a bayan kasuwa, sai ka ga babur ɗinsa a jingine can wajen masu mazarƙwaila, shi kuma ya taho a ƙafa yana share gumi da bakin hula. Baƙi kan ɗauka tsoron ɓarayi ne, kamar akwai ɓarawon da ya san ciwon kansa da zai ɓata lokaci a kan wannan babur. 'Yan gari sun san dalili, kuma don sun sani ne ba sa faɗa.

Sana'arsa dillancin gidaje ce, amma ba irin gidajen da masu su ke sayarwa suna dariya ba. Gidan da aka jinginar wa banki aka karɓi rancen taki ko na injin ban ruwa, noma ya ƙi, wa'adi ya cika, kotu ta buga hatimi, wannan shi ne abincin Datti. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki tsakanin Makarfi da Kudan da Ikara. Daga nan ya samo sunan Datti Gwanjo, ko da yake bai taɓa tsayawa a bainar jama'a yana kiran farashi ba. Lauyoyin bankunan Zariya sun gwada gwanjon fili sau da dama a wannan yanki, suka kafa rumfa suka jera kujeru, babu wanda ya ɗaga hannu. Wa zai taya gidan mutumin da gobe da asuba za su haɗa kafaɗa a sahu ɗaya? Da suka gaji da hayar rumfa sai suka koma kiran Datti.

Yadda yake aikinsa kuwa, sai ya fara zuwa wurin mai gidan, a ƙafa, kamar mai zuwa duba mara lafiya. Su yi gaisuwa har ta ƙare ta sake tashi. Sannan ya nemo mai saye daga wani gari, na Kudan ya kai shi Ikara, na Ikara ya kawo shi Nasarawan Doya, ya shigar da shi gidan a matsayin baƙo mai neman irin masara. In ciniki ya faɗa, mai gidan ne da kansa zai sanar da maƙwabta, da bakinsa, da dalilin da ya zaɓa. Wani ya ce zai koma kusa da gona, wani ya ce yara sun matsa masa ya koma Zariya. Kowa ya gyaɗa kai ya ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Ranar miƙa mukulli kuma sai mai gidan ya ce wa mai saye, gaban shaidu biyu, "Na bar maka da zuciya ɗaya." In ba a faɗi wannan ba, ko takardar kotu ta kai tsawon tabarma, babu mai kwashe iyalinsa ya shiga. Albarkacin Datti, a ƙananan hukumomi uku babu magidancin da aka taɓa ƙwace wa gida. Duk sayarwa suka yi.

Sai dai irin wannan alheri ba a gode masa a fili, don wanda ya gode ya tona kansa. Mutumin da Datti ya rufa wa asiri bara, in sun haɗu a wurin ɗaurin aure, sai ya miƙa masa 'yan yatsu biyu ya kau da kai. Wannan abu yana ci wa Datti rai, ba kaɗan ba. Kafintoci suna da ƙungiya, 'yan acaɓa suna da riga mai lamba, masu injin niƙa ma suna da shugaba da ake ambata a lasifika. Shi kuwa in mai sanarwa ya iso kansa sai ya yi tari ya ce, "da sauran manyan baƙi."

Ana nan sai Mu'awiyya ya sauka daga Kaduna, saurayi mai kwat da turare, ya kira taro a wani ajin firamare ranar Asabar. Ya ce shi ne shugaban shiyya na Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Ƙwararrun Dillalan Gidaje da Filaye. Dillalai goma sha biyu suka matse a kan bencin yara, gwiwoyinsu na taɓa haɓa. Mu'awiyya ya yi bayanin cewa zamani ya wuce dillalin gindin bishiya. Duk wanda ya biya kuɗin rajista zai sami katin shaida mai hoto, da riga ruwan ɗorawa mai ƙyalli, da sitika ta babur, da takardar shaida a cikin gilashi, da allon talla mai sunansa da lambarsa. Za a kuma sa shi a guruf ɗin waya, a yi masa talla kyauta. Da ya zo kan Datti sai ya rusuna ya ce, "Baba, ai irinku ne ginshiƙan sana'a. Kunya ce a ce har yau ba ku da muƙami." Kafin a tashi an naɗa Datti Mataimakin Jami'in Walwala na Biyu. Na ɗayan ma ba a same shi ba tukuna, amma wannan bai dame shi ba.

Ya sayar da masara ya biya. Da ya koma gida sanye da rigar a kan babbar riga, matarsa Ummulhairi tana tsince shinkafa, ta ɗago ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Baban Ramla, aikin gyaran titi ka samu?"

"Ƙungiya ce. Yanzu ni ƙwararre ne."

"To, da can mene ne kai?"

Datti ya shiga neman ƙusa. Ya rataye takardar gilashin a zaure daidai inda duk mai sallama zai gani. Ummulhairi ta biyo shi ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ni dai tambaya ɗaya gare ni. Mutumin da shekara ashirin yake ɓoye babur, yau ya sa rigar da ake hangowa daga Tashar Yari. Wa zai buɗe maka ƙofa?"

"Ai ba da ita zan riƙa shiga gidan mutane ba. Ta taro ce."

Gaskiyarsa, bai taɓa shiga gidan kowa da rigar ba. Ta wannan ɓangaren Datti ya yi hankali ƙwarai.

Wata biyu bayan haka wani lauya ya kira shi ya ba shi gida a Ikara. Da ya ji sunan mai gidan sai da ya nemi wuri ya zauna. Malam Elias ne, tsohon hedimasta, wanda ya koya wa Datti lissafi a aji huɗu lokacin yana koyarwa a Makarfi, kuma ya taɓa tafiya da ƙafarsa har gona ya roƙi mahaifin Datti kada ya cire shi daga makaranta. Bayan ya yi ritaya ya jinginar da gida ya shiga noman tumatir na rani, tsutsa ta cinye gonar shekara biyu a jere. Datti ya ajiye babur a tashar mota, ya taka har unguwar. Ya sami Malam a gindin mangwaron tsakar gida, inda wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ke rataye, wanda ake bugawa a makaranta in an tashi tara. Ranar da ya yi ritaya malamai suka ba shi kyauta, kuma duk wanda ya yi firamare a Ikara ya san wannan ƙarfe kamar yadda ya san sunansa.

Datti ya tsuguna, suka gaisa, aka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi gajiya da aiki da ruwan bana. Matar gidan, Mama Bernice, ta kawo kunun zaƙi ta koma ciki. An yi wa katanga sabon shuɗin fenti, ƙanshinsa bai gama fita ba.

"Na san abin da ya kawo ka, Datti," in ji Malam Elias. "Kuma na gode wa Allah da kai aka turo. Ba na jayayya, na ci, ban iya biya ba. Abu ɗaya nake roƙo. Auren Serah saura mako uku. Ita ce auta. Dangin mijin daga Zonkwa za su zo. Ina so yarinyar nan ta fita daga gidan ubanta, ba tare da kowa yana kallon katanga yana tausaya mata ba. Ita kanta ba ta sani ba. In an gama biki ni da kaina zan tashi a coci in ce zan koma gida kudu."

"Malam, ko wata uku ne. Wallahi babu mai ji daga bakina."

"Na sani. Ai kai ba ka da surutu tun kana aji."

Da lauyan babu matsala, mako uku ba komai ba ne a wurin banki. Matsalar daga ƙungiya ta ɓullo. Dokarta ta ce duk ɗan ƙungiyar da ya karɓi gida dole ya kafa allo a jikinsa cikin kwana bakwai, ya ɗauki hoto ya tura guruf, don kada wani ɗan uwa ya shiga cinikin ɗan uwa. Wanda ya ƙi, a karɓe katinsa da muƙaminsa. Lauyan ya riga ya faɗa wa Mu'awiyya cewa Datti ya sami aiki a Ikara, don haka kullum sai waya ta yi ƙara: "Baba Jami'i, muna jiran hoto. Ku ne abin koyi."

Datti ya yi kwana huɗu yana juya abin a ransa. Kafa allo a gidan Malam ba zai yiwu ba. Mayar da kati kuma, bayan an fara kiransa Jami'i a majalisar mai shayi, wannan ma bai ga hanyarsa ba. Sai dabara ta zo masa, irin wadda mai ita kan yi murmushi shi kaɗai a kan babur. Dokar ta ce a kafa allo a ɗauki hoto. Ba ta faɗi tsawon lokacin da allon zai yi a tsaye ba.

Ranar Lahadi da hantsi, lokacin da ya san duk gidan suna coci, maƙwabta kuma suna fadama, ya ajiye babur a tasha kamar kullum, ya saɓo allon a cikin buhun taki. Ya zagaya ta bayan gida inda babu ƙofa babu lamba, ya jingina allon da katanga, ya ja da baya, ya danna waya yadda aka koya musu a taron horo. Allon bai yi minti ɗaya a waje ba ya koma buhu. Ko akuya ba ta gan shi ba. Ya tura hoton ya hau babur yana jin kansa mutum mai wayo biyu, na da da na zamani.

A tunanin Datti, guruf ɗin nan mutum goma sha biyun nan ne da suka matse a bencin yara, waɗanda rabinsu ma ba sa buɗe waya sai 'ya'yansu na kusa. Bai san mutum ɗari huɗu da wani abu ne a ciki ba, daga Zariya har Kano. Bai kuma san cewa tallan kyautar da aka yi musu alkawari yana nufin sakatare zai ɗauki kowane hoto ya liƙa a shafin ƙungiya na Facebook ba, da rubutu a ƙasa da manyan baƙaƙe: gidan da banki ya ƙwace a Ikara, farashi ya faɗi, a hanzarta. Uwa uba, bai dubi saman hoton ba. Bisa shuɗiyar katangar, reshen mangwaro ya leƙo, ƙarfen makaranta na rataye a jikinsa, ya fito tar.

Ranar Asabar da azahar yana zaune a zaure ƙarƙashin takardarsa ta gilashi sai wayar Lado ta shigo, wani dillalin filaye na Kudan da suka yi rajista rana ɗaya.

"Jami'i, gidan nan naka na Ikara ya yi! Mu uku muka haɗu a can, kowa da mai sayensa. Sai dai ka zaɓi rana, cike yake da baƙi, wasu mutanen kudu da akwatuna, ana ta cin shinkafa. Da ƙyar muka auna tsakar gida. Na tambayi tsohuwar ko rijiyar tana ƙafewa da rani, ta tsaya tana kallona kamar na zage ta. Kai, mutane ba su san ƙwararru ba."

"Da riga kuka je?"

"Da riga mana. Ai doka ce."

Datti bai san lokacin da ya tayar da babur ba. Tsakanin Makarfi da Ikara bai gaisa da kowa ba, abin da bai taɓa yi ba. A karo na farko cikin shekara ashirin da biyu ya tsaya da babur a ƙofar gidan da aka ba shi, don babu sauran abin ɓoyewa. Mata na tsaitsaye a bakin ƙofofinsu. Motar baƙin tana nan, amma gidan shiru kamar ba a dafa komai ba. Daga wani ɗaki yana jin kukan mace, da muryar Mama Bernice tana rarrashi.

Malam Elias na zaune a gindin mangwaro da rigarsa ta zuwa coci. Datti ya zube a gabansa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ya rasa ta inda zai fara gaisuwa.

"Malam, wallahi ban faɗa wa kowa ba."

"Na sani. Clement ya nuna mini a wayarsa." Clement shi ne angon. "Tun ranar Talata abokansa suka tura masa, yaron ya yi shiru don kada ya kunyata ni. Ka ga hoton ya fita da kyau. Fentin ma ya fito."

"Minti ɗaya ne, Malam. Ta baya na bi. Babur ɗin ma a tasha na bar shi."

Tsohon ya dube shi yadda yake duban ɗalibin da ya yi dogon lissafi daidai ya zo ya ɓata a layin ƙarshe.

"Da ka ajiye shi nan ƙofar tun ranar farko, Datti, da mutum goma ne za su sani."

Bai yi faɗa ba, kuma Datti ya so ƙwarai a ce ya yi.

An yi bikin a ranarsa, don mutanen Zonkwa ba su da ƙaramin hali. Serah ta fita daga gidan ubanta kamar yadda aka tsara, sai dai duk wanda ya zo ya ci ya sha yana satar kallon katanga, wasu har da taɓa hannun Malam sau biyu suna cewa sai haƙuri, a ranar da ya kamata a ce masa barka. Maganar komawa kudu ba ta sake tashi ba, don babu wanda za a faɗa wa. Gidan kuwa Lado ne ya sayar da shi, tunda mai sayensa ya riga kowa aunawa. Ranar mukulli Malam Elias ya ce wa mutumin, gaban shaidu biyu, ya bar masa da zuciya ɗaya, ya kwance ƙarfensa daga mangwaro, ya koma ɗaki biyu na haya a bayan tasha.

Datti ya kai kuka wurin Mu'awiyya. Shugaban ya saurare shi da natsuwa, ya nuna alhini, sannan ya buɗe kundin doka ya nuna masa cewa cire allo bayan ɗaukar hoto laifi ne mai tara. Amma ya ce kada Baba ya damu, akwai albishir: a duk shiyyar babu hoton da ya kai nasa yawan masu kallo, saboda haka kwamiti ya zaɓe shi Gwarzon Talla na Shekara. Za a ba shi lambar yabo a Kaduna, in ya biya kuɗin sassaƙa ta.

Tun daga nan babu magidancin da ya sake aiko wa Datti a asirce. Wanda wa'adinsa ya kusa, in ya hango shi tafe a ƙafa yana share gumi, sai ya aika a ce ba ya nan. Lauyoyin kuma sun gano cewa allo da hoto sun fi saurin kawo mai saye daga Kano, wanda bai san kowa ba bare ya jira a bar masa da zuciya ɗaya, don haka yanzu ba sa ba da gida sai ga mai kati. Da shekara ta zagayo Datti ya sake sayar da masara ya sabunta nasa. Ummulhairi kuwa ta ɗauki allon ta rufe akurkin kaji da shi, sunan mijinta da lambarsa suna kallon sama. A wurin ɗaurin aure yanzu mai sanarwa yana kiran sunansa da muƙaminsa cikakke, ba ya tsallake ko kalma ɗaya.

Duk ranar kasuwar Ikara yana zuwa gaida Malam. Har yanzu a nesa yake ajiye babur, ko da yake ɗakin hayar na bayan tashar ne, taku kaɗan. Ya tsuguna a bakin ƙofa, Malam Elias ya amsa gaisuwa tsaf, ya tambayi Ummulhairi, ya tambayi Ramla da yaranta, Mama Bernice ta kawo ruwa a kofi mai murfi. Datti ya sha, ya zauna yana juya kofin, yana jiran kalmar nan ta zuciya ɗaya da ya yi shekara ashirin da biyu yana karɓar wa wasu. In jiran ya yi tsawo sai tsohon ya gyara zama, ya dube shi da fara'a.

"To, Datti. Yaya ƙungiya?"

"Lafiya lau, Malam," in ji Datti.